Na gina gidan kakata a cikin kwali, amma wutar murhun ta ƙi zama

Habu_Maikwali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Wata huɗu ke nan ina gina gidan kakata, wadda muke kira Inna, a cikin wani kwalin firji da na yanka. Ainihin gidan yana cikin birnin Zazzau. An rushe shi an ɗora na bulo, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa tun kafin nan. Ba mu da hoton gidan ko ɗaya, abin da na riƙe a kaina shi nake ginawa. Na yi zaure da zankwayensa, na yi tsakar gida, da rumbu, da randar da ke gindin lemun tsami, da murhun duwatsu uku. Katangar kwali ce a ciki, na yaɓe ta da jar ƙasa da na tankaɗe na kwaɓa da farin gam na kafintoci. Azarar rufi da tsinken tsire na yi ta. Tsayin ƙofar zaure santimita 15.

Niyyata in yi fim na minti 3, irin wanda ake matsa abu kaɗan a ɗauki hoto, a sake matsawa a sake ɗauka, wanda ake ce wa sitof-moshin. Inna tana zaune gindin murhu da dare tana yi wa jikoki biyu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tatsuniyar kuma ina so ta riƙa fitowa a jikin katanga kamar inuwa.

Abu biyu suka tsaya mini. Na farko, na ɗauki hoto 140, da na haɗa su sai haske ya riƙa ƙyaftawa, yanzu fari yanzu duhu. Na biyu shi ya fi damuna. Wutar murhu da hayaƙi na zana su a waya da manhajar zane ta FlipaClip na ɗora a kai, sai suka fito kamar an manna sitika. Ga hoton gidan da ɗan guntun fim ɗin na saka ku gani. Gidan na nan da ransa, wutar kuwa baƙuwa. Wani abokina ya ce kuskurena shi ne haɗa zanen waya da aikin hannu, wai ba sa shan inuwa ɗaya, in cire zanen gaba ɗaya. Gaskiya ne? Dole sai komai ya fito daga cikin kwalin?

Ummu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta huta. Kafin a yi nisa, a ina kake ɗaukar hotunan, kuma da wane lokaci?

Habu_Maikwali:
Amin Anti, na gode. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Nakan fara da hantsi in kai la'asar.

Injiniya_Bala:
To ƙanena, ga amsar matsalarka ta farko nan a bakinka. Hoto 140 ya cinye maka sa'a biyar ko shida, kai kuma kana nuna shi cikin daƙiƙa 12. Wato ka tattara tafiyar rana daga hantsi zuwa la'asar, da duk gajimaren da ya gifta, ka matse su cikin daƙiƙa 12. Dole ya ƙyafta.

Ka shiga ɗaki, ka toshe taga da bargo, ka yi aiki da fitila. Sannan ka hana wayar yin shawara da kanta. Ka kulle mata haske, ka kulle saitin ido, ka kulle launi, don in ka bar ta, duk hoto sai ta sake auna ɗakin. Manhajar waya ta Stop Motion Studio tana ba da damar haka, kuma tana nuna maka inuwar hoton baya a kan na yanzu, ka ga nawa ka matsa. Kada ka taɓa wayar da hannu. Ka sa mata iyafis ka riƙa danna maɓallin ƙara murya, ko ka sayi ƙaramin rimot. Ka ɗaure ta a wuri ɗaya, ka kashe layi, don kira ɗaya in ya girgiza ta ya ɓata maka aikin yini.

Wani abin da mutane ba sa kawowa a rai shi ne rigarka. Farar riga tana mayar da haske cikin kwalin. Ka sa baƙa, kuma ka shata wuri a ƙasa da alli inda za ka riƙa tsayawa duk lokacin da za ka ɗauka.

Sani_Solar:
In ƙara a kan na Injiniya. Kada ka dogara da fitilar caji ta kasuwa, tana dushewa a hankali yayin da batir ke sauka, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Janareta ma haskensa na hawa da sauka in an kunna firji ko famfo. Wutarmu kuma tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen fitila masu araha suna bin wannan bugun, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto. Abin da ya fi zama lafiya shi ne ƙwai mai bolt 12 a jona shi da cikakken batirin mota. Zai kai ka dare ba tare da ya sauya fuska ba sosai.

Baba_Maizane:
Ɗana Habu, ni da abokinka bakinmu ɗaya. Shekara talatin da wani abu ina zanen allon shaguna da jikin motoci, na san abin da hannu ke bari a jikin aiki. Ka kwaɓa ƙasa da hannunka, shatin yatsanka na jikin katangar, sannan ka kawo wutar da ba ta taɓa shiga ɗakin ba ka ɗora. Ido ba ya yarda. Wutar da aka zana a waya ba ta haska duwatsun murhu, ba ta jefa inuwa, ba ta da ƙura.

Ka samo ledar alawa, ja da ruwan ɗorawa, ka yanka harsunan wuta guda shida ko takwas, kowanne da siffarsa. Ka huda ƙasan murhun ka sa ƙaramin ƙwan tocila. Kowane hoto ka cire harshe ɗaya ka sa wani. Hayaƙi kuwa auduga ce, ka yage ta siriri ka nannaɗa a siririyar wayar ƙarfe, kana ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Ba ƙauyanci ba ne wannan. Mai shirya fim ɗin nan Ba'amurke, Wes Anderson, da kuɗinsa da ma'aikatansa, a fim ɗinsa na karnuka na 2018, da auduga aka yi ƙura da hayaƙi, kuma da gangan aka bar ta ana gane auduga ce.

Zee_Katun:
Baba, da girmanka, ban yarda ba. Ba haɗawar ce laifi ba, yadda aka haɗa ne. Wannan sana'a tun asali da gauraye ta tashi. Ray Harryhausen, gwanin motsa 'yan tsana a fim, a 1963 ya haɗa ƙwarangwal bakwai da ya motsa da hannu da mutane na gaskiya suna faɗa da takobi, ya kwashe sama da wata huɗu a kan wannan fitowa ɗaya, har yau ana kallonta. Kamfanin Laika na Amurka da suka yi Coraline a 2009, fuskokin 'yan tsanarsu da injin buga abubuwa ake fitar da su, rabin sama daban rabin ƙasa daban, sai kwamfuta ta goge layin da ke tsakani. Sandunan da ke riƙe 'yar tsana in za ta yi tsalle ma da kwamfuta ake sharewa. Ba wanda ya ce aikinsu ba na hannu ba ne.

Baba_Maizane:
'Yata, gogewa daban, ƙarawa daban. Su sun cire abin da ya tsare ido ne. Shi Habu ya kawo abin da babu shi.

Issoufou_Tawa:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina karanta ku kuna ta ambaton Amurka, alhali muna da namu a gida. Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015, ya daɗe zaune a nan Tawa. Makanike ne da farko, ya koyi aikin fim wajen Bafaranshe Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya haɗu da Norman McLaren, gwanin fim na zane. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, zane ne na wani shugaban kwaɗi da ya tafi ziyara. A 1977 ya yi Samba le grand da 'yan tsana, hoto ɗaya-ɗaya kamar yadda Habu ke yi. Akwai kuma Kokoa, kokawar gargajiya ce amma dabbobi ke yi, kwaɗi da hawainiya, ga fili ga 'yan kallo ga makaɗa.

Abin da nake so Habu ya ɗauka shi ne mutumin bai tsaya kan hanya ɗaya ba. Ya yi zane, ya yi 'yan tsana, ya yi fim da mutane, da kwamfuta ta zo a tsufansa ya koye ta. Abin da labarin ya nema shi yake ba shi. Ka nemi Kokoa ka kalla, ka duba yadda ya yi taron 'yan kallo da abin da ke hannunsa.

Habu_Maikwali:
Malam Issoufou, wallahi ban taɓa jin sunansa ba. Allah ya saka da alheri, yau zan nema.

Malama_Rabi:
Ni kan inuwar katanga zan yi magana, don kowa ya tafi kan wuta ya bar ta. Habu, wannan ba ta bukatar waya ko kaɗan. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da dogon fim a 1926 da ta ɗauko labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya, na Yarima Ahmad. Shekara uku tana yi. Almakashi ne da baƙin kwali, ta yanka hannu daban, ƙafa daban, ta haɗa gaɓoɓin da siririyar waya, ta shimfiɗa a kan gilashi, fitila a ƙasa, kyamara a sama.

Na gwada da ɗalibaina 'yan aji biyar. Mun kifa teburi, muka ɗora gilashin taga a kan ƙafafunsa, muka shimfiɗa farar takarda, tocila a ƙasa. Gizonmu ƙafa takwas, kowace da gaɓa biyu da muka ɗinke da zare. Yaran da ba sa iya zama minti biyar sun yi sa'a biyu ba wanda ya nemi fita. Kai da kake da katanga, sai ka yanke wani sashe nata ka maye shi da takarda mai shara-shara da ka shafa wa ruwan ƙasa, ka motsa Gizo ta baya. Inuwar za ta faɗo a jikin katangar da gaske, a hoto ɗaya da Inna.

Abu_Sumayya:
'Yan'uwa ku yi mini uzuri, ba don in ɓata zance ba. Wannan ƙera siffar mutum da hannu, an duba hukuncinsa kuwa? Na san akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin siffofi. Ina tambaya ne don ni ma ina sha'awar abin, wannan ne ya riƙe ni.

Ummu_Hanif:
Tambaya ce mai kyau Malam. Abin da na sani, ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su, har da doki mai fukafukai. Daga nan malamai da yawa suka sassauta a kan kayan wasan yara da na koyarwa, wasu kuma suka tsaurara in siffar ta cika da fuska da komai. Nan ba zauren fatawa ba ne, kowa ya zauna da malaminsa ya faɗa masa ainihin abin da yake yi.

Habu_Maikwali:
Ni ma na yi wannan tunanin tun farko. Shi ya sa ban yi musu fuska ba. Kan Inna ƙwallon goruba ne da na goge na ɗaura masa ɗankwali, ba ido ba baki. Abin da ya ba ni mamaki, gwaggona ta leƙa kwalin ta ce “wannan ai Inna ce.” Zaman ta gane, yadda take miƙe ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ɗaya.

Abu_Sumayya:
Na gode. Zan tambaya kamar yadda Anti ta ce.

Dan_Kurmi:
Tunda an zo kan 'yan tsana, da me ka yi jikinsu? Ina tambaya don ni na sha wuya. Na sayi filastisin, yumɓun nan mai maiƙo da ba ya bushewa, irin wanda kamfanin Aardman na Ingila suka yi suna da shi. A watan Afrilu na fara. Ga zafin gari, ga ɗaki a toshe, ga fitila a kai. Kafin hoto na 30 wuyan mutumina ya karkace, hannu ya zube, kuma duk ƙurar da ta sauka sai ta manne. Ba a yi wannan yumɓu don zafinmu ba, sai dai mai na'urar sanyaya ɗaki.

Na koma kan waya da tsumma. Wayar alminiyam siririya, ka ninka biyu ka murɗa, don ɗaya tak tana karyewa in an yi ta lanƙwasa ta. Inda ƙashi yake, kamar cinya da dantse, ka shafa gam mai ƙarfi ya daskare, ka bar gwiwa da gwiwar hannu a sake. Sai ka nannaɗe da soson katifa, ka ɗinka riga. Ƙafa kuma dole a kafe ta. Ko ka sa noti a tafin ƙafar ka huda daɓen ka ɗaure ta ƙasa, ko ka sa ƙarfe a tafin ka riƙe shi da mayen ƙarfe.

Hajiya_Talatu:
Ku yaran yanzu kun manta da kara. Mu da muka tashi a ƙauye, da karan dawa muke yin komai bayan girbi. A ɓare bayan, a yanka totuwar, a soke su da juna, ga mota, ga gado, ga tabarau, ga rumbu. Ba shi da nauyi, ba ya narkewa. Habu, danga da jinkar rumbu da gadon Inna, duk kara zai yi maka.

Dan_Kurmi:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai a kula da gara da ƙwaro. Kada a ajiye kwalin a ƙasa ko a jingine da bango.

Injiniya_Bala:
Habu, ka yi lissafin aikin da ke gabanka kuwa? Fim na silima hoto 24 ne a daƙiƙa. Masu wannan sana'a da yawa suna ɗaukar 12, kowane hoto ya tsaya sau biyu. A 12 ɗin, minti ɗaya hoto 720 ne, minti 3 kuma 2,160. In kana yin 140 a yini, kwana 16 ke nan, ba kuskure ba maimaici. Kuma mutum uku ne a fage, kowanne sai ka tuna ina hannunsa ya nufa. In ka ƙara sauya harshen wuta da ɗaga auduga a kowane hoto kamar yadda Baba ya ce, ga Gizo ta bayan katanga, abu shida kake motsawa kafin ka danna sau ɗaya. Ka manta ɗaya, ya fito. Ba ina hana ka ba ne, ina so ka san dalilin da ya sa mutane ke raba aikin, su ɗauki wani daban su haɗa daga baya.

Nafisa_Fim:
Akwai hanyar da ba a ambata ba, wato kada a motsa komai. Rithy Panh ɗan Kambodiya ya rasa iyayensa a mulkin Khmer Rouge, tsakanin 1975 da 1979. Ya nemi hotunan abin da ya faru bai samu ba, sai na farfagandar gwamnatin. A 2013 ya fitar da The Missing Picture. An sassaƙa ɗaruruwan ƙananan mutane da yumɓu, an jera su a gonakin shinkafa da gidajen da aka gina ƙanana, ba ɗaya da ke motsi. Kyamara ce ke ratsawa a tsakaninsu a hankali, murya na ba da labari, ana sako tsofaffin hotunan. Ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes a shekarar.

Da na karanta cewa ba ku da hoton gidan Inna ko ɗaya, shi ya faɗo mini a rai. Mai tatsuniya ba ta yawan motsi. Ka bar ta zaune. Sau uku ko huɗu a duk fim ɗin ta ɗaga hannu, ko ta tura itace cikin wuta, ko ƙaramin jikan ya gyangyaɗa ya jingina da ita. Sauran motsin ka bar wa wuta da inuwa. Hotunan da za ka sha wahalarsu za su ragu ƙwarai, kuma motsin da ya zo bayan tsayuwa ya fi shiga rai.

Magini_Dan_Birni:
Ni ba ɗan fim ba ne, gini na gada. Na ga hoton da ka saka, aikin ya yi, amma zan gyara maka biyu. Katangarka ta miƙe sambal kamar ta bulo. Ginin tubali gindinsa ya fi kauri, yana sirancewa zuwa sama, kusurwoyinsa kuma a dunƙule suke, ba kaifi. Ka je Gidan Makama a Kano ko ka zaga tsofaffin unguwannin Zazzau ka duba. Na biyu, babu indararo. Soro ba ya zama ba indararo, kuma a ƙarƙashinsa akwai zanen da ruwa ke bari a jikin bango.

Kuma tunda ƙofarka santimita 15 ce, komai ka rage shi sau 12 ke nan. To ƙwayar yashi ma ta ƙaru sau 12 a idon kyamara, ta zama tsakuwa. Ka tankaɗe ƙasar da ƙyallen ɗankwali, ba da rariya ba. In kana son duhun makuba, ka jiƙa ɓawon ɗorawa ka shafa ruwan, ainihin abin da ake yi ke nan.

Habu_Maikwali:
Baba Magini, indararo! Akwai shi, ta gefen randa yake zuba, Inna takan tara bokiti. Na manta shi sam sai yanzu da ka faɗa.

Zee_Katun:
Bari in dawo da mu kan tambayar, don har yanzu ba a ba shi amsa ba. Habu, na kalli ɗan guntun da ka tura. Dalili uku ne suka sa wutarka ta zama sitika, kuma ba ɗaya da ke nufin a jefar da zane.

Wutar tana tafiya da santsi, hoto 24 ko 30 a daƙiƙa, gidan kuma yana tafiya 12. Ido yana jin bambancin ko mai kallo bai san sunansa ba. Ka mayar da zanen 12.

Launinta a shafe yake, gefenta kamar an yanka da reza, alhali komai na kwalin yana da gautsi da ƙura. Ka zana harsunan a takarda da fenti ko alli mai launi, ka ɗauke su da wannan wayar, ƙarƙashin wannan fitilar, sannan ka ɗora.

Na uku shi ne wanda Baba Maizane ya faɗa, kuma ya yi gaskiya: ba ta haska komai. To sai ka sa ƙwan tocilan a murhun kamar yadda ya ce, ka rufe shi da leda ruwan ɗorawa, kowane hoto ka ɗan kare shi ko ka buɗe. Ka ga ƙyaftawar da kake kuka da ita, a nan ita ake so, amma a gindin murhu kaɗai, kuma da izininka. Duwatsun da zanen Inna za su riƙa amsa hasken. In ka ɗora harshen zane a kan wannan, zai samu wurin zama.

Baba_Maizane:
To 'yata, in ya huda murhun ya sa ƙwai, ya zana wuta a takarda da hannu, me ya rage? Ya yanka takardar ya dasa a murhun mana, a huta.

Zee_Katun:
Abin da ya rage shi ne lissafin Injiniya, Baba. In ya dasa, kuskure ɗaya a wuta ya ɓata motsin Inna na wannan yinin duka. In ya ɗora daga baya, wutar kaɗai zai gyara.

Malama_Rabi:
Akwai tsaka-tsaki. Ka kafa gilashi tsakanin waya da kwalin, ka yi hayaƙin a jikinsa da farin alli ko ɗan fenti, kana gogewa kana sakewa. Yana cikin hoton, amma hannunka bai shiga kusa da 'yan tsanar ba balle ka ture su. Sai dai ka kula kada fitila ta haska gilashin ya nuna wayar.

Nafisa_Fim:
Kuma kada ka ɗauki hoto ko ɗaya kafin ka naɗi murya. Murya ce ke gaya maka daƙiƙa nawa kowane abu zai ci. Nick Park na kamfanin Aardman, a 1989 muryoyin mutanen gari aka naɗo suna hirarsu, ya ɗora wa dabbobin yumɓu, ya ci kyautar fim ta Oscar da shi. Wannan gwaggon taka da ta gane zaman Inna, ita za ka zaunar da daddare ta ce “ga ta nan ga ta nanku,” yara su amsa. Kada ka ba ta rubutu. In ta yi tari ko ta tsaya tuna wani wuri, ka bar shi a ciki.

Sani_Solar:
A ɗaki mai labule da katifa za ka naɗa, a kashe fanka.

Habu_Maikwali:
'Yan'uwa, kwana tara ban leƙo ba, ina ɗaki. Ga abin da ya faru.

Na toshe taga, na ari batirin mota, na sa baƙar riga. Ƙyaftawa ta tafi gaba ɗaya. Na kankare kusurwoyin katanga na ƙara mata gindi, na sa indararo da guntun gwangwani. Gwaggo ta yi tatsuniyar, ta kai minti bakwai, kuma a tsakiya ta yi waƙar da Inna ke yi wadda ni na manta da ita. Muka yi shiru a ɗakin. Ban san yadda zan yanke ta zuwa uku ba, wataƙila fim ɗin ne zai ƙara tsawo.

Wutar na yi ta sau biyu, daƙiƙa 5 kowacce, hoto 60. Ɗaya da ledar alawa irin ta Baba, ɗaya da fenti a takarda da na ɗora daga baya irin ta Zee, duka da ƙwai a murhu. Na nuna wa mutanen gida ban gaya musu komai ba. Gwaggo ta zaɓi ta leda, ta ce ita ce ke da zafi. Ƙannena biyu suka zaɓi ta fenti. Ni kaina ta fentin ta fi mini kyau, amma in na kalli ta ledar sai in ji kamar zan iya miƙa hannu in taɓa.

Baba_Maizane:
Gwaggonka ta zauna a gindin wannan murhu, ƙannenka ba su zauna ba.

Zee_Katun:
Ƙannen nasa kuma su ne za su kalla a waya su tura wa wasu, Baba. Habu, ka gwada leda a murhu, fenti a tartsatsin da ke tashi sama.

Issoufou_Tawa:
Ka saka mana duka biyun mu gani da idonmu. Gizon fa, ka fara shi?

Habu_Maikwali:
Zan saka su yau da dare in sha Allah. Gizo na yanka shi jiya, amma ƙafafunsa takwas suna harɗewa a bayan takardar, kuma in na matso da tocila inuwar ta yi girma ta dushe. Malama Rabi, taku nawa kika ajiye fitilar daga gilashin, kuma da wane irin zare kika ɗinke gaɓoɓin?